Cunkoson makulli a direbobin memori: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke ta dawowa daga masu rubuta direba (manhajar da ke sarrafa wani kayan na'ura) da masu kula da saba (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima), galibi a ranar da aka ɗora aiki a kan babbar na'ura aka tarar ba ta ja yadda aka sa rai ba. Yawancin misalan daga kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, na ɗauko su, domin kod ɗinsa a buɗe yake, kowa zai iya gani da idonsa. Kalmomi uku za su yi ta fitowa. Cibiya ita ce kowace ƙwaƙwalwa guda da ke cikin furosesa. Zare shi ne layin aiki guda da ke gudana a kan cibiya. Shafi kuwa yankin memori ne da kanel ke rabawa, a yawancin na'urori bayit 4096. Sunayen da ke cikin kod na bar su yadda suke, don da su za ka yi bincike.

1. Mene ne cunkoson makulli, kuma me ya sa ya fi addabar ɓangaren memori?

Duk bayanin da zare biyu za su iya taɓawa a lokaci guda sai an sa masa makulli, in ba haka ba ɗaya zai yi rubutu a kan aikin da ɗayan bai ƙarasa ba. Mai son shiga ya karɓi makulli, ya gama abin da ya kawo shi, ya saki. Idan ba kowa a ƙofa, wannan kusan ba ya cin komai. Cunkoso shi ne zare ya zo ya tarar makullin na hannun wani, ya zama dole ya tsaya.

Ɓangaren memori ya fi kowa shan wannan wahala saboda kowa ta nan yake bi. Katin sadarwa na neman shafi don bayanan da ke shigowa, faifai na nema, katin zane na nema. Kowace manhaja ma, duk sanda ta taɓa wurin da ba a shimfiɗa mata shafi ba, sai furosesa ta tsayar da ita ta kira kanel. Wannan shi zan riƙa kira tuntuɓen shafi. Dukkansu a kan jerin shafukan da ba a riga an bayar ba suke haɗuwa, kuma a Linux `zone->lock` ne ke gadin wannan jerin. Direban da ya ajiye nasa rumbun shafuka da makulli ɗaya tal ya sake gina irin wannan ƙofar ce, sai dai tasa ba ta samu gyaran shekaru da ta kanel ta samu ba.

2. Na ƙara cibiyoyi amma aikin bai ƙara sauri ba, har ma ya ragu. Ta yaya haka?

Rashin ƙaruwar lissafi ne mai sauƙi, wanda Gene Amdahl ya bayyana tun 1967. Idan kashi 5 cikin 100 na aikin a ƙarƙashin makulli ɗaya ake yinsa, ko cibiya dubu ka zuba saurin ba zai wuce ninki 20 ba. Da cibiya 64 ma ninki 15 da ɗoriya za ka samu, ba 64 ba.

Raguwar kuwa daga kayan ƙarfe take. Makulli lamba ce a cikin memori, kuma furosesa ba ta ɗaukar memori bayit-bayit zuwa ƙaramar taskarta ta kusa, wato kash. Layi-layi take ɗauka, bayit 64 a na'urorin x86. Cibiyar da za ta yi rubutu a layi sai ta ƙwace shi daga hannun sauran. To idan cibiya 60 na rububin makulli ɗaya, layin nan sai ya yi ta safa da marwa a tsakaninsu, har mai riƙe da makullin ma sai ya jira layin ya dawo kafin ya iya saki. Masu jira sun zama su ne ke jinkirta wanda suke jira. An rage wannan da yawa: Linux ya kawo makulli mai bin layi a 2.6.25 cikin 2008, sannan a 4.2 cikin 2015 ya koma ga `qspinlock`, wanda ya ginu a kan dabarar da Mellor-Crummey da Scott suka wallafa a 1991, inda kowane mai jira ke zuba ido a kan nasa wurin daban. Wannan ya kashe turereniya, amma bai rage tsawon layi ba.

3. Ta yaya zan tabbatar makulli ne matsalar, ba wani abu ba?

Kada ka taɓa kod sai ka amsa wannan da awo. Zato a nan yawanci kuskure yake kai mutum, domin makullin da ka fi tsana a kod ɗinka ba lallai shi ne mai laifi ba. Fara da `perf top` yayin da aikin ke kan ganiyarsa. Idan `native_queued_spin_lock_slowpath` ya hau sama, cibiyoyi na ƙona lokaci a bakin makullin juyi (tambaya ta 4 ta bambanta shi da na barci). Idan `osq_lock` ko `rwsem_down_write_slowpath` ka gani, makullin barci ne. Akwai kuma alamar da ke ruɗar mutane: furosesa a sake take, ba ta cika ba, amma aiki na tafiyar hawainiya. Wannan sau da yawa zaruruwa ne ke barci a bakin makulli, kuma mai barci ba ya fitowa a `perf top`.

Sanin cewa ana jira bai isa ba, sai ka san wane makulli ne da kuma wa ya kira. A sababbin kanel, `perf lock contention` na ba da wannan ba tare da an sake gina kanel ba. Tsohuwar hanya ita ce a gina shi da `CONFIG_LOCK_STAT`, a rubuta 1 a `/proc/sys/kernel/lock_stat`, a gudanar da aikin, sannan a karanta `/proc/lock_stat`. Wannan na rage wa na'ura sauri sosai, don haka a na'urar gwaji ake yinsa.

Ga yadda nake karanta abin da ya fito. Ina duba `acquisitions`, wato sau nawa aka karɓi makullin, in haɗa da `holdtime-avg`, wato tsawon riƙo. Idan karɓar kaɗan ce amma riƙon dogo ne, wani na yin aiki mai nauyi a ciki, maganin na tambaya ta 5. Idan riƙon ƙiftawar ido ne amma karɓar ta kai miliyoyi, ba riƙon ne ciwon ba, yawan zuwa ne, sai ka wuce tambaya ta 6 da ta 7. Idan kuma matsakaicin jira ƙanƙane ne amma `waittime-max` ya yi tashin gwauron zabo, to akwai wata hanya a kod ɗin da ba a cika bi ba, wadda ran da aka bi ta kowa ke tsayawa. Galibi wurin tsaftacewa ne ko wurin faɗaɗa rumbu.

4. In sauya makullin juyi zuwa na barci, ko na barci zuwa na juyi, zai warware?

Ba kasafai ba. Makullin juyi, `spinlock_t`, mai jiransa ba ya barin cibiya, yana nan yana dubawa har a saki. Na barci, `mutex`, mai jiransa na iya sauka ya ba wani zare cibiyar. Abin da ke zaɓar maka shi ne inda kod ɗin ke gudana: a cikin mai amsa katsewar na'ura (kiran gaggawa da kayan na'ura ke yi wa furosesa) ba a barci, don haka na juyi ne dole, inda kuwa za ka nemi memori da `GFP_KERNEL` ko ka kwafi bayani zuwa manhaja, kana iya yin barci, don haka na juyi ya haramta. Bambancin saurinsu ma ya ragu, tunda `mutex` na Linux yakan ɗan yi juyi tukuna matuƙar mai riƙe da shi na kan cibiya yana aiki. Sauya nau'i na canja yadda ake jira ne kawai, masu jiran suna nan yadda suke.

5. Na gano makullin. Da me zan fara?

Da fitar da duk abin da ba dole ne a yi shi a ƙarƙashin makulli ba. Wannan shi ne gyara mafi arha kuma mafi aminci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ɗauki direba mai rumbun shafuka don DMA, wato inda kayan na'ura ke karatu da rubutu a memori kai tsaye ba tare da furosesa ba. Ana neman shafi, sai ya karɓi makullin rumbu, ya tarar babu, ya kira `alloc_page()`, ya share shafin da sifili, ya yi masa rajista da `dma_map_page()`, ya saka shi a jeri, sannan ya saki. A cikin waɗannan duka, dubawa da sakawa a jeri ne kaɗai ke taɓa abin da aka haɗa da wasu. Sauran ukun aikin ɗaki ne, ba wanda ya san da shafin tukuna. Ga shi kuma `alloc_page()` na iya shiga neman `zone->lock`, rajistar DMA na iya shiga makullin IOMMU (mai fassara adireshin memori ga kayan na'ura), ka ga masu jiranka sun gaji jiran da kai kake yi wa wasu.

Gyaran shi ne ka duba, in babu ka saki makullin, ka yi ayyukan nan uku a waje, ka dawo ka karɓa don sakawa kawai. Amma fa ka sake dubawa bayan ka dawo, domin kana waje wani na iya riga ka cike gurbin. In haka ta faru, ka mayar da naka shafin. Ɓarnar shafi ɗaya jefi-jefi ta fi sauƙi a kan tsayar da kowa kullum.

Wajen sakin shafuka ma haka ne. Kada ka bi jeri kana saki ɗaya bayan ɗaya da makulli a hannu. Ka karɓa, ka kwashe jerin gaba ɗaya zuwa naka na wucin gadi da `list_splice_init()`, ka saki makullin, sannan ka bi su a tsanake. Duk wani `printk()` da ke cikin wannan yanki shi ma ka fitar da shi.

6. Riƙon gajere ne amma ana yawan karɓa. Mene ne abin yi?

Ka tara aikin ka kai shi a dunƙule. Kanel da kansa haka yake yi: ba ya karɓar `lru_lock` don kowane shafi da za a saka a jerin shafukan da ake amfani da su, yakan tara su a wani ƙaramin ƙunshi na kowace cibiya, wanda ya daɗe yana ɗaukar 15, sai ya cika a zuba su da karɓa ɗaya. Direba na da kayan aiki irin wannan a shirye: `alloc_pages_bulk` da ya shigo a 5.13 na karɓo shafuka da yawa lokaci guda, `vm_insert_pages()` kuma na shimfiɗa wa manhaja shafuka da yawa ba tare da an karɓi makullin teburin shafi (teburin da ke haɗa adireshin manhaja da shafukanta) sau ɗaya-ɗaya ba. Inda na'urar ta yarda, babban shafi na megabayit 2 na maye gurbin ƙanana 512, tuntuɓe ɗaya a madadin 512.

Sai dai ƙunshi ya yi girma riƙo ya yi tsawo, ka koma matsalar tambaya ta 5. Kuma abin da ke zaune a ƙunshin da bai cika ba sai an tanadi hanyar kwashe shi, ko ta agogo ko lokacin rufe na'ura.

7. Ina jin ana cewa a ba kowace cibiya nata rumbu. Yaya abin yake, kuma mene ne illarsa?

A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowace biya, domin ba ta gyara jira, cire dalilin jiran take yi. Kowace cibiya na da ɗan rumbunta, daga nan take ɗauka, nan take mayarwa. Sai ya ƙare ko ya cika sannan ta je babban rumbu, kuma in ta je a dunƙule take ɗebowa. Jeff Bonwick da Jonathan Adams sun bayyana wannan tsari a 2001 don Solaris, kuma yau yana ko'ina: jerin shafuka na kowace cibiya da ke gaban `zone->lock`, mai rabon ƙananan abubuwa SLUB, da mai rabon adireshin IOMMU. Idan direbanka na sadarwa ne, kada ka rubuta naka, `page_pool` na nan tun 4.18. Idan ƙananan abubuwa masu girma ɗaya kake rabawa, `kmem_cache_create()` ya riga ya yi maka aikin.

Illar farko ita ce memorin da ke kwance. Cibiya 128, kowace da shafi 64, megabayit 32 ke nan da ba mai amfani da su, kuma wata cibiyar na iya rasawa alhali maƙwabciyarta na zaune a kan tuli. Dole ka sa iyaka, ka kuma ba kanel hanyar karɓe su idan memori ya yi ƙaranci (duba tambaya ta 12 kafin ka rubuta wannan). Ta biyu, ana iya kashe cibiya na'ura na aiki, in ba ka kwashe rumbunta ba shafukan sun ɓace. Ta uku ta fi ɓoyuwa: idan cibiya ɗaya ce kullum ke ɗauka, wata daban ke mayarwa, rumbun waccan kullum a bushe, na wannan kullum a cike, dukkansu kuma suna komawa babban makulli kamar ba a yi komai ba.

A manyan saba masu furosesa biyu ko fiye, inda kowace ke da memorin da ya fi kusa da ita, yana da kyau a sa matsakaicin rumbu ga kowane ɓangare, a kuma nemi shafi kusa da na'urar da `alloc_pages_node()` da `dev_to_node()`.

8. Yaushe ya dace in fasa makulli ɗaya zuwa da yawa?

Lokacin da masu jira ba abu ɗaya suke nema ba, makullin ne kawai ya haɗa su. Tarihin Linux kusan tarihin wannan fasawar ne. Babban makullin da ke rufe kanel gaba ɗaya sai a 2.6.39 cikin 2011 aka gama cire shi. Makullin teburin shafi, wanda a da ɗaya ne ga manhaja, an raba shi ya zama kowane teburi na ƙasa da nasa. `lru_lock` ya koma na kowane rukunin memori a 5.11. A direba, ma'anar wannan ita ce makulli ga kowane layin aiki na na'ura, ko ga kowane mai buɗe fayil, ko ga kowane gurbi na teburin bincike.

Abin da za ka biya shi ne tsari. Ran da aiki ya buƙaci makulli biyu a tare, dole kowa ya karɓe su a jere iri ɗaya, in ba haka ba wannan ya riƙe na farko yana jiran na biyu, wancan ya riƙe na biyu yana jiran na farko, na'ura ta sandare. Rubuta jeren a saman fayil ɗin, ka kuma yi gwaji da `lockdep`, mai binciken jeren makullai na kanel. Kuma idan kashi mafi yawa na zirga-zirgar a kan abu ɗaya take, fasawa ba za ta amfana ba: ka yi makulli 64, kowa kuma na bakin guda.

9. Yawancin masu shiga karatu kawai suke yi. Makullin masu karatu da mai rubutu bai isa ba?

A takarda ya isa, a kan ƙarfe bai cika isa ba. Kowane mai karatu sai ya ƙara ɗaya a ƙidayar makullin da zai shiga, ya rage da zai fita. Wannan rubutu ne, don haka layin kash na yin irin safarar da aka bayyana a tambaya ta 2, ko da babu mai rubutu ko ɗaya. Idan karatun gajere ne, `rwlock_t` na iya fin makullin juyi na yau da kullum tsada. Sannan da zarar mai rubutu ya shiga layi, sababbin masu karatu sukan tsaya a bayansa don kada ya dawwama yana jira, shi kuma yana jiran wani mai karatu da ya yi nisa. Mai karatu ɗaya mai nawa ya isa ya tsayar da kowa. Ga ƙaramin bayani kamar lambobi biyu ko uku da ake so a karanta tare, `seqlock` ya fi dacewa: mai karatu ba ya rubuta komai, in ya ga an canja abu yana tsakiyar karatu sai ya sake.

10. To RCU fa? Ba shi ne ƙarshen magana ba?

RCU (read-copy-update, dabarar karatu ba tare da makulli ba), wanda ya shiga Linux a 2002 kuma Paul McKenney ke kula da shi, na barin mai karatu ya wuce ba tare da ya taɓa wani layin da aka haɗa ba. Mai canji ba ya gyara abu a inda yake. Yakan shirya sabo, ya juya manuni zuwa gare shi, ya bar tsohon har sai duk wanda ya fara karatu kafin juyin ya gama, sannan a sake shi da `kfree_rcu()` ko `call_rcu()`. Don binciken teburi, kamar neman wane rumbu ke da wannan lamba, babu kamarsa, kuma XArray na ba ka wannan a shirye.

Amma ina roƙon ka sa shi a ƙarshen jeri, bayan tambaya ta 5 zuwa ta 8. Bai rage cunkoson masu rubutu ba ko kaɗan, har yanzu da makulli suke bin juna. Memorin da aka saki ba ya dawowa nan take, in ana saki da yawa yakan taru. Mai karatu ba ya barci a ciki, sai dai in SRCU, nau'insa da ke yarda da barci, ake amfani da shi. Babban haɗarin kuma shi ne abin da ka samo na iya kasancewa a hanyar mutuwa. In za ka riƙe shi bayan ka fita, sai ka ɗauki ƙidayarsa da `refcount_inc_not_zero()`, in ta ƙi ka ɗauka ba ka same shi ba. Wanda ya manta wannan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: ya rabu da jinkirin da ake gani, ya sayi ɓacin memori da zai bayyana sau ɗaya a wata.

11. Kullum `mmap_lock` nake gani a sama, alhali ba nawa ba ne. Ina ruwan direbana?

Wannan makulli ɗaya ne ga dukkan taswirar memorin manhaja, kafin 5.8 sunansa `mmap_sem`. Tuntuɓen shafi na karɓarsa don karatu, `mmap()` da `munmap()` da `mprotect()` na karɓarsa don rubutu. Manhaja mai zare ɗari, ɗaya ya kira `mmap()`, sauran duk wanda ya yi tuntuɓe sai ya jira. An shafe shekaru ana neman mafita. A 6.1 aka koma ajiye yankunan taswirar a cikin tsarin da ake kira maple tree, wanda ake iya bincika ta RCU, sannan a 6.4 cikin 2023 aikin Suren Baghdasaryan ya shigo: kowane yanki da nasa makulli, tuntuɓe ya gwada wannan tukuna, sai ya gaza ya koma ga babban.

Ruwan direbanka shi ne ana kiran aikinka na `mmap` da wannan makulli a riƙe don rubutu. Duk daƙiƙar da ka ɓata a ciki kana neman shafuka dubu kana share su, dukkan zaruruwan manhajar na iya tsayawa. Ka yi tanadin tun kafin nan, misali a wani `ioctl` na daban, ka bar `mmap` da shimfiɗawa kawai. In kana kafe shafukan manhaja don DMA, yi amfani da `pin_user_pages_fast()`, wanda ke gwada bin teburin ba tare da makullin ba, kuma ka kafe sau ɗaya ka yi ta amfani, ba kowane aiki da nasa kafewa ba.

12. Bayan gyara sai na'ura ta fara sandarewa. A ina aka fi yin tuntuɓe?

Wurare biyu. Na farko: direba na riƙe da nasa `mutex`, ya kira `copy_to_user()`. Shafin manhajar ba ya nan, aka yi tuntuɓe, aka nemi `mmap_lock`. A daidai lokacin wani zaren ya kira `mmap()`, yana riƙe da `mmap_lock`, ya shigo direban yana neman wannan `mutex` ɗin. Kowa ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke jira. Mafita ita ce a kwafi bayanin zuwa wurin wucin gadi, a saki makulli, sannan a miƙa wa manhaja.

Na biyu: ka yi rajistar `shrinker` don kanel ya karɓi shafukan rumbunka idan an matsu. Wata rana kana riƙe da makullin rumbu ka nemi memori da `GFP_KERNEL`, babu, kanel ya shiga ƙwato shafuka, ya kira `shrinker` ɗinka, shi kuma ya nemi makullin da ke hannunka. Kai ne ke jiran kanka. Shi ya sa ake amfani da `mutex_trylock()` a cikinsa, in bai samu ba ya haƙura ya koma. Kuma wannan wani dalili ne na bin shawarar tambaya ta 5, a daina neman memori da makulli a hannu.

13. Awo ya nuna ba a jiran makulli, amma har yanzu ƙarin cibiyoyi ba ya amfani. Saura me?

Ka duba abin da ke maƙwabtaka da juna a memori. Na taɓa raba makullin wani rumbu gida-gida, na jera su a teburi ɗaya, ina murna. Jiran ya ɓace daga awo, saurin kuwa kusan bai motsa ba. Sai da na kwana biyu kafin na lura makullan ƙanana ne, da yawansu na zaune a layin kash guda, cibiyoyin na ci gaba da ƙwace layin daga juna duk da cewa kowa nasa makullin yake taɓawa. Da aka sa `____cacheline_aligned_in_smp` a kan kowane gurbi, abin ya sake. `perf c2c` shi ne ke nuna irin wannan, har ya faɗa maka wane bayit ne a layin.

Ƙidaya ma haka take. `atomic_inc()` ba makulli ba ne, amma ƙidayar da kowace cibiya ke ƙara wa ɗaya a kowane aiki ƙofa ɗaya ce. In don rahoto ake tara ta, mayar da ita ta kowace cibiya, ko ka yi amfani da `percpu_counter`, a haɗa jimla sai an tambaya. Sannan ka raba filayen da ake yawan rubutawa da waɗanda karatu kawai ake yi musu.

14. Me ya sa abin ya fi muni a cikin na'urar kwaikwayo?

Makullin juyi ya ginu a kan cewa mai riƙe da shi na kan aiki, yanzun nan zai saki. A na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a matsayin baƙo a cikin ta gaske, uwar na'ura na iya sauke cibiyar da ke riƙe da makullin ta ba wani baƙo wurin, sauran su yi ta juyi a banza har a dawo da ita. `CONFIG_PARAVIRT_SPINLOCKS` na sa mai jira ya haƙura ya kwanta bayan ɗan juyi. A kanel mai `PREEMPT_RT`, tsarin amsa aiki a kan kari, wanda ya gama shiga babban reshe a 6.12, `spinlock_t` kansa na zama makullin barci, don haka in kana kare rumbun cibiya irin na tambaya ta 7, yi amfani da `local_lock` maimakon kashe katsewa da hannu.

15. Duk wannan na Linux ne kawai?

Sunaye ne suka bambanta. Windows ya daɗe da makulli ɗaya a kan teburin dukkan shafukan memori, wanda ake kira makullin PFN, sai a Windows 7 da Server 2008 R2 aka fasa shi zuwa ƙanana, a fitowar da ta ɗaga iyaka zuwa cibiya 256. Mai rubuta direba a can na da `KeAcquireInStackQueuedSpinLock` don makulli mai bin layi, da jerin lookaside don ƙananan abubuwa masu girma ɗaya, kuma ƙa'idar Microsoft ita ce kada a riƙe makullin juyi fiye da mikrosakan 25. FreeBSD ya yi nasa dogon aikin rabuwa da babban makullinsa Giant, mai rabonsa UMA na da rumbun kowace cibiya, WITNESS kuma na yi masa aikin da `lockdep` ke yi.

16. Yaya zan gwada gyaran kafin in sake shi?

Gwaji biyu ne, kuma ba a haɗa su a kanel ɗaya. Na sauri ana yinsa ba tare da kayan bincike ba: gudanar da aiki iri ɗaya da zare 1, 2, 4, 8, har ka cika na'urar, kafin gyara da bayansa, ka zana sakamakon. Wurin da layin ya kwanta shi kake so ya matsa gaba. Kada ka manta da zare ɗaya, domin gyaran da ya taimaki babbar saba na iya cutar da ƙaramar na'ura. Tarin gwaje-gwajen will-it-scale na Anton Blanchard na da misalai na tuntuɓen shafi da `mmap()` da za ka iya kwaikwayo. Ka duba jira mafi tsawo, ba matsakaici kaɗai ba. Kuma ka sa rai da zarar wannan makulli ya sauka wani zai hau gurbinsa. Koma tambaya ta 3 ka sake awo.

Na inganci kuwa ana yinsa da komai a kunne: `CONFIG_PROVE_LOCKING` don jeren makullai, `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP` don kama barci a inda ya haramta, KASAN don taɓa memorin da aka riga aka saki, KCSAN don rubutu biyu da suka yi karo ba makulli. `lockdep` na kama jeren da zai iya sarƙewa ko da bai sarƙe a gabanka ba, amma sai an bi ta hanyar, don haka ka tilasta wa direban bin hanyoyin da ba ya son bi: ka matse memori har `shrinker` ya tashi, ka kashe cibiya ka kunna ana tsakiyar aiki, ka cire direban daga kanel alhali manhaja na riƙe da taswirarsa.